Fitilar Saman Tanki

Da hantsi Dikko yana saman tankin ruwan gidan Malam Gidaɗo a Fakku, ya harɗe ƙafafunsa a jikin ƙarfe yana ɗaure babbar fitilarsa, sai ya ji ana yi masa magana daga bayan katanga. Ya leƙa. Wani dogon mutum ne da bindiga rataye a kafaɗa, ya ɗaga kai yana kare rana da tafin hannu.

"Sannu da aiki, mai fitilu," in ji mutumin. "Ni na Ɗangiwa, ni ka jan 'yan sintirin garin ga. Tambaya guda nika so in yi maka. Wagga fitila taka, tana ƙyaftawa?"

Dikko ya yi dariya. Ɗangiwa bai yi ba.

Sai da ya sauko suka tsaya a inuwar zaure aka yi masa bayani. Tankin nan tun zamanin da kuɗin mai suke yawo aka kafa shi, farkon kafa Jihar Sakkwato. Ruwansa ya daɗe da ƙafewa, amma har yanzu babu abin da ya kai shi tsawo a duk yankin. Tun da hanyoyin daji suka lalace, mutanen gari suka maƙala masa ƙwan fitila suka yi yarjejeniya a kai. Muddin fitilar saman tanki tana ci, lafiya ce. In ta ɗauke ta dawo, kowa ya kasa kunne, don wataƙila inji ne ya yi tari. In ta sake ɗaukewa, ba a jiran bayani: mai goyo ta ɗauki ɗanta, kowa ya nemi inda zai sa kansa, masu gadi a bakin daji kuma su ɗana bindigogi.

"Bara waya tas saki da kanta," in ji Ɗangiwa. "Ba kowa yaz zo ba. Amma wata tsofuwa an taka ta bakin ƙofar wani gida, ba ta tashi ba har yau. Taka ta fi tamu haske, daga nesa ita za a gani. In ba ka da tabbas da ita, ka sauke ta tun da rana."

A nan ne ya kamata Dikko ya hau ya kwance abarsa. To amma Dikko mutum ne mai son a yaba aikinsa, kuma wurin nan kaɗai ne zai haska filin maza da tsakar gidan mata a lokaci guda. Ya dubi Ɗangiwa ya ce fitilarsa ba ta san ƙyaftawa ba, ya haska manyan zauruka a Sakkwato da ita ba ta taɓa ba shi kunya ba.

"To, Allah shi sa," in ji Ɗangiwa, ya gyara bindigarsa ya wuce.

Gaskiyar magana Dikko ya iya aikinsa. Haifaffen wani ƙauye ne kusa da Jabo, gidan noma da shanu, amma shagonsa yana Tambuwal a bakin titin Sakkwato, inda yake ba da hayar lasifika da majigi da fitilu. Malam Gidaɗo ya ɗauko shi ne don walimar saukar karatun ɗalibansa. Maza za su zauna a filin ƙofar gida, mata a tsakar gida, kuma tunda mata ba za su fito ba, sai a kai musu hoton 'ya'yansu har jikin bango ta majigi.

Duk aikin a kan kwamfuta ɗaya yake, mai katin netwok biyu. Ɗaya a cikinta yake, ɗayan ɗan ƙarami ne da ake soka mata a gefe. Ta na farko hoto yake fita, abin da kyamara ta ɗauko ya bi waya ya haura katanga zuwa majigi. Ta na biyu umarnin fitilu yake fita. Kowane kati Dikko ya ba shi lambobin adireshinsa daban, kowanne da wayarsa, kowanne da akwatin rarraba wayoyinsa, yadda ba abin da zai haɗa su. Dalili kuwa, hoto kaya ne mai nauyi da ke cika hanya, umarnin fitila kuma siriri ne amma ba ya jure jinkiri. Fitilun suna son jin kwamfuta a kai a kai. In hayaniya ta yi yawa a wayarsu sai su rikice, in suka daina jin ta gaba ɗaya sai su ɗauke. Idan wani ya tambaye shi me ya sa yake wahalar jan waya biyu, cewa yake yi a garinsu shanu ta burtali suke bi, ba a kora su ta cikin gona.

Da safen an kawar da matan gida zuwa ɗakuna don ya shiga ya yi aiki. Ya ajiye akwatunan rarrabawa biyu na cikin gida a ƙarƙashin wani benci, dab da ƙofar da ta fito zaure, wadda ita kaɗai ce ƙofar gidan. Ɗaya na hoto, ɗaya na fitilu, kuma daga na fitilun ne waya ta hau saman tanki. Ya gwada komai, komai ya amsa. Da zai fita ya bar wasu gajerun wayoyi biyu a kan bencin, ko za a buƙace su. Halinsa ne wannan tun yana yaro: duk inda ya yi aiki sai ya bar wani abu yana reto. Azahar na yi mata suka fara cika gidan, aka saki labule a ƙofar, Na'iya ƙanen Malam ya shimfiɗa buzunsa a zaure. Daga nan gida ya zama ba shiga.

Wajen la'asar Dada ta iso a bayan babur. Mahaifiyar Dikko ce, ta zo ganin jikarta Hadijatu da ke cikin masu sauka. Gwiwoyinta sun daɗe da ƙin ta. Sai da mutum biyu suka sauke ta, kuma in ta zauna sai mutum biyu sun tashe ta. Dikko ya je ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta. Ta dubi tayar babur ta amsa wa tayar.

Ba faɗa suke yi ba. Dikko ɗan fari ne, kuma Dada irin matan nan ne da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban idonsa a gaban mutane ba, ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba. In tana da saƙo sai ta nemi wani ta ce, "A ce ma wancan." Shi ma haka ya tashi, in yana da magana sai ya aika. Yana yaro abin ya sha sa shi kuka a bayan rumbu. Da ya girma ya gane inda take ɓoye son da take yi masa: in ya jefar da riga zai same ta a ninke, in ya bar igiya a tsakar gida zai same ta a naɗe an rataye. Amma ko da ya gane, wani lokaci yakan so ya ji yadda sunansa zai fita daga bakinta.

Can an jima Na'inna, ƙanwar babansa, ta leƙo zaure ta miƙo masa kwanon fura.

"Tsofuwa tana nan bakin ƙofa kan benci, wurin kayanka," in ji ta. "Mun ce ta shigo ciki ta ƙiya, wai nan iska ya fi."

Dikko ya yi murmushi ya sha furarsa. Ya san ba iska ba ne, gadin kayansa take yi.

Aka yi sallar magariba, aka dawo aka zazzauna. Inji yana ruri a bayan masallaci. Filin ya cika maƙil da fararen riguna, mutanen Kebbe da na ƙauyuka, har da waɗanda suka ce za su kwana don ba a bin hanya bayan faɗuwar rana. Dikko yana gefe a bayan teburinsa. Ya ɗaga fitilu a hankali, babbar ta saman tanki ta buɗe, mutane suka ɗaga kai suna masha Allahu. Daga bayan katanga aka ji guɗa, alamar hoto ya fito a bango. Dikko ya nemi Ɗangiwa da ido don ya ga ko ya gani.

Ɗalibai sun fara karatu ɗaya bayan ɗaya lokacin da ya lura da inuwar Malam Gidaɗo. Malam yana zaune bai motsa ba, amma inuwarsa a jikin bango tana karkarwa.

Ya dubi ƙananan fitilun da ke kan sanduna. Suna rawa, 'yar rawa siririya da ba kowa zai kula ba. Ya ce a ransa inji ne. Ya saurari injin, injin yana tafiya daidai. Sai ya sunkuya ya dubi katunan biyu. Kowanne yana da ɗan koren haske. Na hoto kullum cikin gaggawa yake, na fitilu kuwa a natse yake bugawa kamar jijiyar wuya. Yanzu dukansu biyun suna fizga tare, babu mai jiran wani.

An haɗa hanyoyin.

Ya bi wayoyin da ke gabansa da hannu ɗaya bayan ɗaya. Kowace tana raminta. Ya buɗe allon kwamfuta ya duba lambobin, ba abin da ya canza, sai dai katin fitilu da ya saba ɗaukar ɗan saƙo kaɗan yanzu ya cika ya batse. Ya zare wayar hoto daga kwamfutar, don ko ba komai a rage kaya. Nan take hayaniya ta tashi daga cikin gida, bango ya yi baƙi a daidai lokacin da wata yarinya take karatu. Ya dubi fitilun. Rawar ba ta tsaya ba, ƙaruwa ma ta yi. Ya yi maza ya mayar da wayar.

Abu ɗaya ne yake yin haka. Waya ɗaya tsakanin akwatunan biyu ta isa ta haɗa hanyoyin. In biyu ne kuwa, saƙo zai fita ta wannan ya dawo ta waccan, ya yi ta kewayawa yana hayayyafa har ya toshe komai, ko an daina zuba sabo. Sai ya tuna gajerun wayoyin da ya bari a kan benci. Ya kuma san wanda ya taɓa su, don mutum ɗaya ne a duniya da ba zai iya zama kusa da abinsa yana reto ya ƙyale ba. Matar da ta yi shekara da shekaru tana ɗaure maruƙa a igiyar dangwali kowace yamma ba ta ganin bakin igiya a sake ta wuce. Ta ga waya mai kai biyu, ta ga akwatuna masu ramuka ba kowa a ciki, ta gyara wa ɗanta aikinsa.

Ya lissafa abin da ya rage masa, ya ga ba komai. In ya yanke cikin gida daga nan, babbar fitila za ta daina jin kwamfuta ta ɗauke, don haka ya saita ta, kuma maɓallin canzawa yana jikinta a saman tanki. In ya bar ta, hayaniyar za ta kai ta ga ɗaukewa da kanta. Ya ciro wayarsa ya kira Na'inna. Sabis ɗin Fakku ya yi abin da ya saba, kira ya ƙi shiga. Duk yaran da za a iya aikawa ciki suna jere a gaban Malam da allunansu.

Ya ɗaga kai. Babbar fitilar tana nan, amma hasken ya fara yin sama da ƙasa kamar mai numfashi. A ƙarƙashinta akwai mata cike da tsakar gida, da goyo, da tukwane, da ƙofa ɗaya tak. A bakin ƙofar kuma akwai tsohuwar da ba ta iya tashi sai an tashe ta.

Ƙafafunsa suka ce ya ruga. Ya hana su. A garin da kowa yake kwana da kunne ɗaya a buɗe, namiji ya keta taro da gudu ya nufi gidan mata, shi ma ƙyaftawar fitila ne. Don haka ya miƙe a hankali, ya tuɓe takalmansa, ya shiga ratsa sahun mutane yana sunkuyawa. Wani dattijo ya kama hannunsa yana sa masa albarka saboda kyan aiki. Ya tsaya ya amsa. Wani ya tambaye shi ko ɗan gidan wane ne na Jabo. Ya ce shi ne. Zufa tana bin bayansa har cikin wando, yana murmushi yana cewa amin. Bai taɓa sanin filin ƙofar gida yana da nisa haka ba.

Ɗangiwa yana tsaye a bakin zaure. Bai tambaye shi komai ba, ya dai dubi sama sannan ya dube shi.

"Ciki matsalar take," in ji Dikko ƙasa-ƙasa. "Sai na shiga."

Na'iya ya ɗago daga kan buzunsa da carbi a hannu. "Ina za ka, yaro? Matan mutane na ciki."

"Baba, don Allah. Waya biyu kawai za ni ɗebewa in fito."

"Ko da Baba ya bari, ni ba ni bari," in ji Ɗangiwa, muryarsa ba ta tashi ba. "Ka dubi fuskarka. In mata sunka ga namiji ya faɗo musu da wagga fuska, ba su tsayawa jin mi kaz zo da shi. Ka yi magana daga nan."

Dikko ya durƙusa a gindin labulen. Ta ƙarƙashinsa yana ganin ƙafar benci, da bakin zane baƙi, da sandar da ya saya mata a kasuwar Tambuwal. Tsakaninsa da ita bai fi kamu biyu ba. Ya yi sallama.

Shiru. Ta ji muryar, shi ya sa ta yi shiru.

"Goggo Na'inna tana kusa?" in ji shi.

Aka yi ta miƙa kira daga baki zuwa baki. Ya ji kamar shekara kafin Na'inna ta iso tana share hannu.

"Goggo, a tambayi Dada, ta taɓa wayoyin da ka bisa benci?"

Na'inna ta juya ta maimaita tambayar kalma bayan kalma, ga matar da ta riga ta ji ta sarai. Dada ta gyara murya.

"A ce ma wancan na ishe su yashe, yara na ja. Na maishe mai su inda suka zama."

"Ta ce a ce maka," Na'inna ta fara.

"Na ji, Goggo. Ki duƙa ki ɗebe su, su biyun. Amma kak ki taɓa wadda tah hau tanki."

"Ni? Wuta fa ta. Kuma dut kamarsu guda, ƙaƙa za ni gane ta tanki?"

"Babu wuta cikinsu, Goggo, na rantse miki."

"A ce ma wancan," in ji Dada, "in ba daidai anka yi ba, shi yab bar su."

Fitilar ta ɗauke.

Duhun bai daɗe ba, bai fi a ja numfashi a sauke ba. Amma a cikinsa yaron da ke karatu ya tsaya a tsakiyar aya, filin ya yi tsit, har ana jin kukan injin shi kaɗai. Da hasken ya dawo, duk fuskokin da ke filin sama suke kallo. Malam Gidaɗo ya jawo makirufo ya ce a natse, "Ci gaba, yaro." Yaron ya buɗe baki, murya ta ƙi fita. Can nesa, ta wajen gonaki, wani ya busa usur, wani ya amsa masa.

Ɗangiwa ya sauke bindigar daga kafaɗa. "In tas sake, ba ni iya riƙe kowa," in ji shi. "Ko mutanena ba ni iya riƙewa."

Daga bayan labule Dikko ya ji abin da yake tsoro. Babu ihu tukuna. Ƙarar awarwaro ce, da jan takalma, da mata suna kiran sunayen 'ya'yansu ƙasa-ƙasa, da kwano da ya kife yana juyi. Suna tashi. Suna matsowa. Labulen ya kumburo ya taɓa goshinsa, ƙafafu suka cika ƙarƙashinsa, aka ture sandar Dada ta faɗo cikin zaure. Ya ji bencin ya ja ƙasa. Ya kira Na'inna, Na'inna ta tafi neman jikanta.

Bai san lokacin da ya yar da duk abin da aka koya masa ba.

"Dada," in ji shi, da ƙarfi, kai tsaye. "Dada, ni na. Da ke nika magana. Wayoyin nan biyu da kinka soka, ki zare su. Su kaɗai. In fitilar ga tas sake mutuwa, ta kanki za su bi. Dada, don Allah."

Na'iya ya buɗe baki yana kallonsa. Hasken da ke shigowa zaure ya yi ƙasa, ya ɗago, ya sake yin ƙasa. Dikko ya kama gefen labulen. Ya yanke cewa zai shiga ya kwanta a kanta, in taka ce a taka shi. Ɗangiwa ya danƙe kafaɗarsa.

Sai murya ta tashi daga bayan labulen, muryar da ta saba kiran shanu daga ƙetaren fadama, wadda Dikko ya yi zaton tsufa ya cinye.

"Ku zamna. Na ce ku zamna. Ba kowa ka zuwa. Fitilar Dikko ta. Dikko ɗana, ga shi nan bayan labule, shina gyara. Ni nat taɓa mai kaya. Dikko bai yin ƙarya, in ya ce lafiya, lafiya ta."

Ƙafafun suka tsaya.

Ba maganar fitilar ce ta tsayar da su ba. Rabin matan nan sun san Dada, wasu tare suka yi ƙuruciya, sun san ko a ranar aurensa ba ta faɗi sunan nan ba. Yau ga shi ta faɗa a bainar jama'a, ta maimaita, ta ƙara. Abin ya fi ƙarfin tsoron da ke cikinsu, suka tsaya baki buɗe. Wata tsohuwa ta ce a hankali, "Dada ta ambaci suna." Wata daga baya ta saki 'yar dariya da hawaye a ciki.

A cikin wannan ɗan tsaikon Dikko ya ga hannun Dada ya sauko ƙarƙashin benci. Idonta ba ya gani da kyau bayan magariba, kuma wayoyin duk launinsu ɗaya. Hannun ya lalubi ta farko, ya bi ta da yatsu, ya sake ta. Ya kama wata. Dikko ya ga wadda ta kama ita ce ta nufi sama. Ta bi ta, ta sake ta. Sai ya gane abin da take nema. Da ta soka wayoyin ba ta bar tsawonsu yana ja a ƙasa ba, kowace ta yi mata ƙulli a tsakiya, irin zargen da ake sa wa wuyan maraƙi. Yatsun suka sami ƙulli ɗaya. Ta ja, wayar ta ƙi.

"Akwai ɗan harshe bisa kan," in ji Dikko. "Ki danna shi sannan ki ja."

Ƙas. Ɗaya ta fita. Wata mata da ke ja da baya ta taka hannun. Yatsun suka ci gaba da lalube a cikin ƙura. Hasken ya yi ƙasa sosai, har inuwar Ɗangiwa ta narke a bango. Ƙas.

Dikko bai iya ɗaga kai ba. Inuwar da ke ƙasan zaure ya zuba wa ido, inuwar carbin Na'iya. Ta yi karkarwa, ta yi karkarwa, sannan ta tsaya cak.

Ɗangiwa ya fita bakin zaure ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ciro usur ya yi busa ɗaya doguwa. Daga gonaki aka amsa masa. A fili Malam Gidaɗo ya karanta farkon ayar da kansa, yaron ya kama daga nan. A ciki aka ji mata suna komawa kan tabarmi, ana tsintar kwanuka, ana rarrashin yara, wasu suna salati.

"Gobe da sassafe ka sauke ta," in ji Ɗangiwa da ya dawo.

"Ina saukewa," in ji Dikko.

Yana nan durƙushe aka kira Hadijatu a lasifika, muryarta ta cika filin, guɗa ta tashi daga cikin gida. Ya ɗauki sandar ya tura ta ƙarƙashin labulen. Aka karɓa. Sunansa yana ta yawo a kunnensa yadda ta faɗe shi, da ɗan jan nan na mutanen ƙauyensu. Ya yi shekaru yana son ya ji shi, ga shi ya ji, kuma shi ya jawo abin da ya tilasta mata. Daɗi da kunya suka haɗu a ransa.

Can sai gefen labulen ya motsa. Hannu ya fito ta ƙasa ya ajiye wayoyin biyu a gabansa, an naɗe su tsaf, an ɗaure kowace da bakinta. Bayan hannun ya kumbura, fatar yatsu biyu ta saluɓe, jini ya haɗu da ƙura. Ya kai hannu zai riƙe shi. Aka janye.

"Dada, hannunki," in ji shi.

Sai ya ji ta gyara zama a kan benci, ta juya wajen wata da ke kusa da ita.

"A ce ma wancan," in ji ta, "shi riƙa tattara kayanai."